Kwale-kwalen dam ba na kogin damina ba ne

Da zarar ruwan Agusta ya kankama a ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan, rafukan da ake tsallakawa da ƙafa a lokacin rani sukan cika su batse, su nufi kogi da ƙarfi. A daidai lokacin ne kuma matasa ke sha'awar shiga ruwa, musamman yanzu da waya ke nuna musu bidiyon Turawa suna ratsa ruwa mai tumfafiya cikin ƙaramin jirgin da ake kira kayak.

Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne shirin da ke bayansa. Wannan wasa ya fara shiga gasar Olamfik a 1972 a ƙasar Jamus, kuma masu yinsa sun kasa koguna mataki shida gwargwadon haɗarinsu. Sabon shiga ba ya wuce mataki na ɗaya ko na biyu, shi ma sai da malami, da rigar kariya daga nutsewa, da hular kwano. Hatta kayak ɗin ba iri ɗaya ba ne. Na shaƙatawa, mai faɗin baki, don ruwan kwance aka ƙera shi. Idan igiyar ruwa ta buge shi sai ya cika, ya yi nauyi, ya gagari mai tuƙi.

Haka kwale-kwalen katako yake. Jirgin da masunci ke jefa taru da shi a dam ba shi ne zai iya da kogin damina ba, balle a hannun yaron da jiya ya fara riƙe filafili. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Abubuwa uku ne suka fi halaka sabon shiga. Na farko, itacen da ruwa ya kayar: ruwa na bi ta tsakanin rassa ya wuce, amma mutum sai ya maƙale. Na biyu, ƙasan wurin da ruwa ke zubowa daga madatsa ko ƙaramar gada, inda yake juyawa yana mayar da duk abin da ya faɗa. Na uku, ƙoƙarin miƙewa tsaye a ruwa mai gudu: ƙafa ta shige tsakanin duwatsu, ruwa ya danne mutum ko da zurfin bai wuce ƙugu ba. Iya iyo a kududdufi ba ya maganin ko ɗaya.

Wasu za su ce kakanni sun tsallaka koguna ba tare da riga ba. Gaskiya ne, amma a hannun sarkin ruwa suka koya, kuma sun san ranar da ba a shiga. Ko ruwan kwance ma ba ya yafe ganganci. A ranar 30 ga Nuwamban 2021, jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ruwa ya ci kusan mutum 300,000 a faɗin duniya a shekarar kaɗai.

Hana matasa zuwa bakin ruwa ba zai yiwu ba, domin gonakin rake da na tumatir na yankin a fadama suke. Abin da zai yiwu shi ne shugabannin ƙananan hukumomin uku su ajiye rigunan kariya a kowace mashiga kafin ruwa ya sauka, hakimai su ba sarakunan ruwa ikon hana tashin jirgi ranar da kogi ya kawo, limamai kuma su tunatar a huɗuba. Masu kwale-kwale su daina ba yara aronsa. Kuɗin riga bai kai na neman gawa ba.