Suna ɗaya, jirage biyu: al'adar da ya kamata a riƙe

A yaƙin duniya na biyu, Birtaniya na da jiragen ruwa biyu masu suna Queen Elizabeth: na yaƙi, wanda aka sa a ruwa a 1913, da na fasinja na kamfanin Cunard, wanda ya yi jigilar sojoji. Yau ma haka ne: Cunard na da nasa tun 2010, sojan ruwa kuma suka karɓi nasu mai ɗaukar jiragen sama a 2017. Ina ganin wannan al'ada daidai ce, domin suna gado ne. Matuƙin da ya san tarihin sunan jirginsa yakan ji nauyin kare mutuncinsa.

Masu adawa na cewa hakan na kawo ruɗani, kuma suna da hujja: a 1864 wata kotun Ingila ta rushe cinikin auduga saboda jirage biyu masu suna Peerless sun taso daga Bombay, kowane ɓangare yana nufin nasa. Amma an magance wannan. Tun 1996 manyan jiragen kasuwa ke ɗauke da lambar shaida ta IMO mai alƙaluma bakwai, wadda ba ta canzawa, jiragen yaƙi kuma suna da tasu lambar. Lamba ta ishi kotu da inshora, saboda haka babu dalilin hana maimaita suna.