Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Wata ranar Asabar da safe, lokacin share filin makaranta, wata yarinya 'yar aji biyu ta zo wurina da lauje a hannu, ta ɓata fuska. Ta ce, "Malam, a jadawali an rubuta manual labour, kuma man ai namiji ne. To me ya kawo mu 'yan mata cikin yankan ciyawa?" Na yi dariya sosai. Amma da na koma gida sai na ga laifin ba nata ba ne, namu ne mu malamai.

Mun saba ba ɗalibai dogon jerin kalmomin Turanci masu haruffa iri ɗaya, mu ce su haddace su da ma'anarsu kafin Litinin. Yau waɗanda suka fara da man, gobe masu port a ciki. Yaro ya yi ta bita kamar aku, ya ci gwaji, bayan mako biyu ya manta. Ni a ganina wannan hanya ɓata lokaci ce, domin ba mu gaya masa abin da ya haɗa kalmomin ba, ko kuwa babu abin da ya haɗa su sai kamannin fuska.

Ga amsar da na ba yarinyar nan. Man ɗin da ke cikin manual ba namiji ba ne. Daga harshen Latin ya fito, inda manus ke nufin hannu. Saboda haka manual labour aikin hannu ne, kuma Allah ya ba mata hannu biyu kamar kowa. Manufacture asalinsa ƙera abu da hannu, ko da yake yanzu inji ke yi. Manuscript rubutun hannu. Amma mango, wato mangwaro, ba ruwansa da hannu ko namiji. Turawan Fotugal ne suka ɗauko sunan daga Indiya.

Ku dubi rabin ƙarshe na manuscript. A Latin scribere shi ne rubutawa, kuma 'ya'yansa suna da yawa. Scripture da muke ji kullum a sujada, ma'anarsa abin da aka rubuta, wato Nassi. Scribes ɗin da Yesu ya sha tsawata wa su ne malaman Attaura, masu kwafar littattafai. Prescription takardar da likita ya rubuta maka ka kai wurin ba da magani. Describe shi ne kwatanta abu, inscription kuwa rubutun da aka zana jikin dutse ko kabari. Wanda ya riƙe uwar ya kama 'ya'ya biyar a tashi ɗaya, in ya gamu da na shida a ɗakin jarrabawa ba zai firgita ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai jin Hausa. Wa ya taɓa zaunar da ku ya ce ku haddace karanta, karatu, makaranta da makaranci? Kun ji dangantakarsu da kanku. Kuma ba wanda ya taɓa zaton karas ɗan'uwan karatu ne don sun fara da haruffa ɗaya. Wannan hankalin nake roƙo ku shigo da shi ajin Turanci, kada ku bar shi a bakin ƙofa tare da takalmi.

Haka port yake. Portare ɗauka ne: porter ɗan dako, portable abin da za a iya ɗauka, export kai kaya waje, import shigo da su. Portion kuwa, wato rabo, baƙo ne a gidan.

Na san wasu abokan aikina za su ce akwai inda hadda ta zama dole. Gaskiya ne, na yarda. Ɗauki ough. Though, ko da yake, through, ta cikin, tough, mai tauri, cough, tari, bough, reshen itace, thought, tunani. Haruffa huɗu ɗaya, furuci shida daban, ma'ana kuwa ko kusa. A da can Turawan Ingila suna furta gh ɗin nan daga maƙogwaro. William Caxton ya kafa injin buga littattafai a ƙasar a 1476, rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya, baki kuwa ya ci gaba da sauyawa. Nan kam sai kunne da yawan karatu. Amma kada mu cika yi musu dariya: mu ma muna rubuta gari na mutane da gari na tuwo iri ɗaya, haka baƙi na launi da baƙi masu ziyara.

Maganar ba ta wasa ba ce. Kowa ya san in babu kiredit a Turanci a jarrabawar WAEC, ƙofar jami'a a rufe take, kome ƙoƙarin yaro a lissafi. Kuma iyayenku sun sayar da hatsi da awaki kafin su biya kuɗin makaranta.

Don haka ga roƙona. Malamai, in za mu ba da jeri, mu ba da na 'yan gida ɗaya, mu faɗi sunan uwarsu. Ɗalibai, babban ƙamus na laburare yakan nuna asalin kalma kusa da ma'anarta, da ƙananan haruffa waɗanda yawancinku kuke tsallakewa. Ku fara da manage da manner, ku zo ku gaya mini ko akwai hannu a ciki.