Ku bar ni da Candy Crush ɗina

Jiya a laburare wani ɗan'uwanmu ya leƙo wayata, wai "Malam, gem ne ya kawo ka Kudu?" Wallahi abin ya ban haushi. Tun takwas na safe nake fama da babi na uku, sau biyu sufabaiza yana maido min da shi. Kaina ya ɗau zafi, in huta minti goma shi ne laifi?

Rai biyar gem ɗin ke ba ka. Suka ƙare, sai ka jira minti 30 kafin ɗaya ya dawo, wato shi da kansa yake kora ta in koma kan aikina. Kai fa, TikTok ɗin da kake murzawa tun azahar, yaushe ya taɓa korar ka?