Daga Teburin Malam: Saffir, Dutsen Watan Satumba

Masu karatu, masu sayar da zobba sun ba kowane wata dutsensa, na Satumba kuwa shi ne saffir, wanda wasu ke kira shuɗin yakutu. Ana gaya wa 'yan matanmu cewa wadda aka haifa a wannan wata, in ta sa shi a yatsa, za ta sami tsari da sa'a. Kafin wani ya kwance bakin aljihu, bari mu dubi dutsen da idon basira.

Saffir ba wani abu ba ne illa sinadarin alminiyam, irin na tukwanen dalma, haɗe da iskar oksijin, waɗanda zafi da matsi na cikin ƙasa suka dunƙule. In ba garwaye, fari ne tas kamar gilashi. Ɗan ƙarfe da titaniyam ne ke rina shi shuɗi. In kuwa kuromiyam ne ya shiga, sai ya fito ja, a kira shi jan yakutu. Uwa ɗaya uba ɗaya ke nan, riga ce ta bambanta. A ma'aunin taurin duwatsu yana da 9, daimon yana da 10, gilashin taga kuwa bai kai 6 ba.

Tun zamanin dā ake tono shi a tsibirin Siri Lanka. A wajen 1881 zaftarewar ƙasa ta tone wani mai kyan gaske a duwatsun Kashmir, amma cikin 'yan shekaru ramin ya ƙare. Mu ma Allah bai hana mu ba, gama ana samunsa a tsaunin Mambila na jihar Taraba, inda samari da yawa suka bar gona suka shiga rami.

Yanzu ku ɗauko Littafi Mai Tsarki. A Fitowa sura 24, sa'ad da Musa da dattawan Isra'ila suka hau dutse, abin da suka gani ƙarƙashin sawayen Allah an kwatanta shi da daɓen saffir. A sura 28 yana jeri na biyu cikin duwatsu 12 na ƙirjin babban firist. A Wahayin Yahaya sura 21 shi ne na biyu a harsashin garun Sabuwar Urushalima. Sai dai masana da yawa suna ganin dutsen da mutanen dā ke kira saffir wani ne dabam, wato lazurudi da ake haƙowa a Afganistan. Dalilinsu kuwa, wani marubucin Roma mai suna Filini ya ce saffir yana da ɗige-ɗige kamar na zinariya, wannan kuwa siffar lazurudi ce. Ku duba Ayuba 28:6, za ku ga an ambaci saffir da ƙurar zinariya a wuri ɗaya. Wannan bai rage wa Nassi kome ba. Suna ne ya yi ƙaura daga wani dutse zuwa wani.

To, ina maganar watanni ta fito? Duwatsun ƙirjin Haruna sunayen kabilu 12 aka zana a kansu, domin ya riƙa tunawa da jama'a a gaban Ubangiji. Ba a ce kome a kan ranar haihuwar kowa ba. Yosifus, Bayahude marubucin tarihi na ƙarni na fari, shi ne ya kwatanta su da watannin shekara. Jerin da ake bi yau kuwa, ƙungiyar masu sayar da kayan ado ta Amurka ce ta tsara shi a 1912. 'Yan kasuwa ne suka zauna suka raba, ba annabawa ba.

Ni a ganina ba laifi miji ya saya wa matarsa zoben saffir in yana da hali, kuma an riga an biya kuɗin makarantar yara. Amma zoben da aka sa domin tsari ya zama laya, ko da a kantin birni aka saye shi. A kuma lura, tun farkon ƙarni na 20 ake sarrafa saffir a masana'anta, har ana rufe fuskar agogo da shi, kuma ido kaɗai ba ya rarrabe shi da na ƙasa.

Jerin nan ma bai zauna wuri ɗaya ba. A 2002 'yan kasuwar suka ƙara wa Disamba wani dutse mai suna tanzanait, wanda ba a gano shi ba sai a 1967, a ƙasar Tanzaniya.