Kwaikwayon yaƙi da cinikin kayan tsofaffin sojoji: Nishaɗi ne ko fama tsohon miki?

A duk watan Yuni, gonakin da ke kudu da garin Waterloo a ƙasar Beljiyam kan cika da mutane sanye da kakin soja irin na shekara 200 da suka wuce. Wasu cikin ja irin na Ingila, wasu cikin shuɗi irin na Faransa.

Ana harba igwa, hayaƙin albarushi ya turnuƙe, dawakai su yi sukuwa, mutane su riƙa zubewa kamar an harbe su. Da an tashi, "gawawwakin" sai su miƙe, su kakkaɓe ƙura, su nufi wurin cin abinci.

Abin da suke kwaikwayo shi ne gumurzun ranar 18 ga Yunin 1815, wanda ya kawo ƙarshen mulkin Napoleon. A bikin cika shekara 200 da aka yi a 2015, kimanin mutum 5,000 ne suka shiga wasan, da dawakai 300 da igwa 100.

Wannan sha'awa tana da 'yar'uwa da suke tafiya tare, wato tara kayan yaƙi na da: kwalkwali, takobi, lambar yabo, wasiƙun sojoji, har da kwanson harsashi. Dukansu biyu sun zama babbar harka a Turai da Amurka, kuma sun jawo muhawara kan kuɗi da doka da siyasa.

Su wane ne ke yi?

Yawancinsu ba sojoji ba ne. Malaman makaranta ne, da direbobi, da ma'aikatan ofis, da 'yan fansho. Kowa da kuɗinsa yake ɗinka kaki ya sayi bindigar da ake ɗura wa albarushi ba tare da harsashi ba.

Masu tsanantawa a cikinsu ba sa yarda da maɓallin da bai dace da zamanin ba. Sukan kwana a tanti a kan ciyawa, su ci irin abincin da sojan wancan lokaci ya ci.

Hujjarsu ita ce wanda ya ɗauki bindiga mai nauyi ya yi tafiya cikin rana da kaki mai kauri zai gane abin da littafi ba zai koya masa ba. Yaran da aka kai kallo ma sukan riƙe darasin fiye da na aji.

Masu suka kuma na cewa abin da ya fi muhimmanci a yaƙi shi ne ba a iya kwaikwayo: tsoro, da yanke ƙafa babu allurar kashe zafi, da marayun da aka bari. A ganinsu, wasan yana wanke yaƙi ya mayar da shi abin sha'awa.

Hukumar da ke kula da wuraren tarihi na gwamnatin tarayyar Amurka ta karkata ga wannan ra'ayi. Ba ta yarda a yi wasan da ɓangarori biyu ke harbin juna a filayen da take kula da su. Shi ya sa kwaikwayon yaƙin Gettysburg, inda aka kashe ko aka raunata ko aka kama kusan mutum 50,000 a cikin kwana uku a Yulin 1863, ake yin sa a gonakin da ke kusa, ba a ainihin filin dagar ba.

Inda kuɗi suka shigo

Kayan yaƙi sun daɗe da zama haja. A Nuwambar 2023 an yi gwanjon wata hular Napoleon a Faransa a kan kusan Yuro miliyan 1.9. A Yulin 2022 wani agogo da aka ce na Hitler ne ya tashi a kan Dala miliyan 1.1 a jihar Maryland ta Amurka, duk da ƙorafin da shugabannin Yahudawa suka yi.

Farashi irin wannan yana haifar da matsaloli biyu. Ta farko ita ce jabu, domin kasuwar cike take da lambobin yabo da kwalkwalin da aka ƙera jiya aka tsufar da su da gangan.

Ta biyu ita ce tono. Masu na'urar gano ƙarfe kan shiga tsofaffin filayen daga, musamman a gabashin Turai inda Jamus da Tarayyar Sobiyet suka gwabza. Idan suka ci karo da ƙasusuwan soja suka cire ɗan ƙarfen da ke ɗauke da lambarsa don sayarwa, shi ke nan an rasa hanyar sanin ko wane ne, kuma danginsa ba za su taɓa jin inda ya kwanta ba.

Teku ma ba ta tsira ba. A 2016 aka gano cewa jiragen yaƙin Holan da suka nitse a tekun Java a 1942 sun ɓace daga inda suke, kuma an yi imanin masu neman ƙarfe ne suka yayyanka su. A wurin iyalan ɗaruruwan sojojin ruwan da suka mutu a ciki, kaburbura aka yashe.

Kayan da har yanzu ke kisa

Manoman Beljiyam da arewacin Faransa har gobe suna tono bama-baman Yaƙin Duniya na Ɗaya idan suna huɗa. Sukan ajiye su a bakin gona, sojojin kwance bam su zo su kwashe.

A Maris na 2014 wani irin wannan bam ya fashe a garin Ypres ya kashe ma'aikata biyu a wurin gini, kusan shekara 100 bayan harba shi. A 2008 wani mai tara kayan Yaƙin Basasar Amurka ya rasa ransa a jihar Virginia lokacin da ƙwallon igwar da yake gogewa ya tashi da shi.

Tsufa ba ya kashe bam. Sau da yawa tsatsa na ƙara masa haɗari ne.

Siyasar da ke cikin kaki

Tambayar da ta fi zafi ita ce wa zai sa kakin wa. A Jamus doka ta hana nuna tambarin 'yan Nazi a bainar jama'a, sai dai don ilimi ko fasaha ko bincike.

A Amurka kuwa rigimar a kan tutar jihohin kudu take, waɗanda suka yi yaƙi daga 1861 zuwa 1865 don ci gaba da riƙe bayi. Masu wasan na cewa kakanninsu suke tunawa. Baƙaƙen fata da dama na kallon tutar a matsayin alamar bauta da wariya. Bayan tarzomar Charlottesville a Agustan 2017, birnin Manassas ya soke bikinsa na tunawa da yaƙin saboda fargabar rikici.

A Rasha gwamnati ce ta rungumi harkar. Shugaba Vladimir Putin ya kafa ƙungiyar tarihin soja ta ƙasa a 2012, wadda ke ɗaukar nauyin irin waɗannan bukukuwa.

Igor Girkin, wanda ya jagoranci 'yan bindigar da suka ƙwace garin Sloviansk na Yukren a 2014, sananne ne a cikin masu wasan kwaikwayon yaƙi kafin nan. A Nuwambar 2022 wata kotun Holan ta yanke masa ɗaurin rai da rai a bayan idonsa kan harbo jirgin MH17 da ya hallaka mutum 298.

Wannan bai mayar da dubban masu wasan 'yan ta'adda ba. Amma ya nuna cewa yadda al'umma ke nuna yaƙin jiya yana iya shafar yadda take kallon na yau.

Ganimar da ta fito daga Afirka

Wani kaso na abin da ke cikin gidajen tarihi da ɗakunan masu tara kaya a Turai ganima ce ta yaƙe-yaƙen mulkin mallaka: Maƙdala a Habasha a 1868, Kumasi a 1874, Benin a 1897, Omdurman a Sudan a 1898.

Wasu sun fara komawa gida. A Nuwambar 2019 Faransa ta miƙa wa Senegal takobin da ake dangantawa da Alhaji Umaru Futi, malamin da ya zauna shekaru a Sakkwato har ya auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Jamus ta fara mayar wa Najeriya kayan Benin a 2022. A 2024 gidajen tarihi biyu na Landan suka kai kayan zinaren Asante 32 Kumasi, amma a matsayin aro, abin da ya sa mutane da dama ke tambayar yadda za a ara wa mai kaya kayansa.

Gidan tarihi dai yana da adireshi da rajista, ana iya matsa masa lamba. Abin da ke hannun ɗaiɗaikun mutane kuwa sai ranar da ya ɓulla a gwanjo ake sanin yana nan.

Darasi ga ƙasar Hausa

Arewacin Najeriya ba baƙo ba ne ga nuna ƙarfin yaƙin da. Hawan Sallah, da 'yan lifidi da 'yan sulke da 'yan bindigarsa, ya samo asali ne daga fitar da mayaƙa gaban sarki. A Disambar 2024 UNESCO ta sanya hawan Kano a jerin al'adun duniya da ake adanawa.

Bambancin shi ne hawa yana nuna runduna ne, ba ya maimaita wani yaƙi na musamman. Faɗuwar Kano a Fabrairun 1903, da karawar Giginya a Sakkwato a watan Maris, da Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu tare da ɗaruruwan mabiyansa a watan Yuli, duk sun fi rayuwa a littattafai da bakin dattawa.

Kayan wancan zamani kuwa, daga takubba da masu zuwa sulke, wasu na Gidan Makama a Kano, wasu na fadoji, wasu na rataye a zaurukan gidajen sarauta. Haka lambobin yabon sojojin da suka je Boma a Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda ke cikin akwatunan jikokinsu.

Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta Najeriya ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izini ba. Sai dai doka ba ta san abin da ba a rubuta ba. Takobin da babu hotonsa, babu sunan mai shi, babu labarin inda aka yi yaƙi da shi, ranar da ya bar gida babu wanda zai iya tsayawa a gaban kotu ya ce nasa ne.

Yayin da ake fafutukar dawo da abin da aka kwashe a 1897, aikin da ya fi sauƙi kuma ya fi gaggawa shi ne ƙidaya abin da ya rage a gida, tun dattawan da suka san labarinsa suna raye.