Maigida Na Cirani, Wa Zai Sa Hannu?

Da an kwashe amfanin gona, magidantan Maradun da Bakura da Talata Mafara sai su kama hanyar cirani. Mutum zai auna gero ya bari, ya faɗa wa ƙaninsa wanda yake bi bashi, har ya tsara wanda zai riƙa ba tumaki dusa. Matarsa mai cikin wata bakwai fa? "Allah Ya raba lafiya." Iyakar shirin ke nan.

To, amin. Amma ranar da naƙuda ta yi gardama, ko jijjiga ta kama ta, ko jini ya ɓalle, likita ya ce sai an yi aiki, takarda za a miƙo. Nan ake ganin abin takaici. Uwar miji ta ce ba da yawunta za a tsaga 'yar mutane ba. Ƙanin miji ya ce a jira Yaya. Mahaifin yarinya ya ce shi ya aurar, magana ta bar hannunsa. Ita kuwa tana kwance, ƙafafu sun kumbura, an danne ta kada ta faɗo daga gado, wani na bakin taga yana ɗaga waya sama yana neman sabis. In abin ya fi ƙarfin asibitin gari, ga tafiya Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, bisa hanyar da direba ke tsoro da zarar magariba ta kawo kai. Duk sa'ar da aka ɓata a gardama, daga ranta aka cire ta.

Har mun manta Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya? Wa aka kira a lokacin?

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, ka ce wa mutum ya naɗa wakili tun da sauran lafiya, sai ya ce kana yi masa mugun fata. Wai tawakkali. Shi ɗin nan da wakili aka ɗaura masa aure. Ya san wasiyya, ya san sulusi, kuma babin wakalci na nan cikin littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu. Ashe sai kan dukiya muke tuna akwai gobe?

Doka ma ba ta ɗaure wa wannan sakaci gindi ba. A 2001, cikin shari'ar likita Okonkwo, Kotun Ƙoli ta Najeriya ta tabbatar cewa baligi mai hankali shi ke da ikon karɓa ko ƙin magani. A shari'ar, mara lafiyar mace ce da ta rubuta cewa ba ta yarda a ƙara mata jini ba. Ban goyi bayan zaɓinta ba, amma kotu ta girmama maganarta. Ke nan matar da ke cikin hayyacinta, sa hannunta ya isa. Jiran miji al'ada ce, da tsoron ma'aikata kada dangi su taso musu in an rasa rai.

Haka tsofaffinmu. Baba ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye, baki ya rufe. Wani ɗa ya ce a sayar da gonar fadamar Bakolori a kai shi Sakkwato, wani ya ce a bar shi ya cika a ɗakinsa. Da yana magana, babu wanda ya tambaye shi, don kunya.

A Amurka, tun 1976 jihar Kalifoniya ta yi doka kan takardar da mutum zai bar umarni game da jinyarsa tun yana iya magana. Mu ba sai mun jira majalisa ba. Bayan katin awon ciki akwai fili. Ma'aikaciyar jinya ta tambayi mai ciki a gaban mijinta: in kin kasa magana, wa zai yi a madadinki? A rubuta suna da lambar waya biyu, su dangwala, mai unguwa ko liman ya shaida. Limaman Juma'a su faɗe shi a kan mumbari kafin motocin Legas su fara lodi, Masarautar Maradun kuma ta umarci hakimai da dagatai su bi sawu.