Godiya a Ranar Wuya

Yara, godiya ranar da rumbu ya cika aba ce mai sauƙi, kowa ma yakan yi ta. A ganina, ba a sanin godiyar Kirista sai ranar da rumbun ya ƙone.

A garin Eilenburg, can ƙasar Jamus, an yi wani limamin coci, sunansa Martin Rinkart. A zamaninsa aka yi Yaƙin Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648. Da yake garin yana da ganuwa, 'yan gudun hijira suka cika shi maƙil, yunwa ta shigo. A 1637 kuma annoba ta faɗo. A shekarar nan kaɗai ya yi jana'izar mutum fiye da 4,000, har da matarsa. Duk da haka, a cikin shekarun yaƙin nan ne ya tsara waƙar godiya ga Allah, wadda ake rerawa a majami'u har yau.

Wani zai ce, ina abin godiya a tsakiyar yaƙi da yunwa? To, ba yaƙin ya gode wa ba. Allah ya gode wa, domin ya gaskata alherinsa ba ya ƙarewa da ƙarewar hatsi. Godiyar kuwa ba ta sa ya naɗe hannu ba, ya tsaya wa mutanensa har aka yi sulhu.

Wanda ba ya godiya sai ran da ya samu, ciniki yake yi da Ubangiji. Saboda haka, ku koyi godiya tun kuna ƙanana, ran daɗi da ran wuya.